Ɗan ajinmu ya ce mini “ranka ya daɗe”

Ranar wata Alhamis cikin hunturun bara na shiga Kasuwar Dole ta Damagaram, wato Zinder, neman mai gyaran fitilar caji. Wani yaro ya nuna mini rumfa can ƙurya, bayan masu tsofaffin rediyo. Mai rumfar na duƙe bisa ɗan teburinsa yana narka darma, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ya karɓi fitilar bai ko ɗago ba, ya kwance ta, ya taɓa wayoyi biyu, ya ce batir ne ya mutu, sauran lafiyarsu lau. Muryar ce ta fara tsayar da ni. Da ya ɗago sai na ga tabon da ke girarsa ta hagu, tabon da na san ranar da aka yi shi, don ni na bugo ƙwallon da ya bi har ya ci karo da turken raga.

Shekara huɗu muka yi kan benci ɗaya, daga sizyem, ajin farko na koleji, har turwazyem, ajin ƙarshe. Shi ke fid da ni a lissafi, ni in fid da shi a Faransanci. Na kira shi da laƙabinsa na aji, wanda ba zan rubuta ba don yanzu mai surukai ne. Ya dube ni, ya dubi shaddar jikina da makullin mota a hannuna, sai ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna, ya ce: “Ranka ya daɗe, ashe kai ne.”

An zage ni a duniyar nan ba sau ɗaya ba, na kwana na manta. Wannan gaisuwa kuwa har yau tana nan maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne muna da ƙungiya. Ƴan promo ɗinmu, wato waɗanda muka shiga makaranta shekara ɗaya, mun kafa amikal, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, tun shekaru da dama, da shugaba da sakatare da ma’aji, da zauren WhatsApp da ba ya barci. Sunan mutumin nan ya taɓa fitowa a zauren. Wani ya ce yana Libiya. Wani ya ce a’a, ya ji an ce ya rasu a hanyar Agadas, har aka yi ta jero masa addu’a da ɗan hoton hannuwa biyu. Ashe bawan Allah ya fi shekara ashirin a wannan rumfa, tafiyar da ba ta kai minti goma sha biyar da ƙafa ba daga inda muke taruwa bayan kowace Sallah. Mun yi masa ta’aziyya yana raye, don ba wanda ya taka ya duba.

Yanzu kusan kowace tsohuwar makaranta a Damagaram tana da irin wannan ƙungiya, wata ma kowace shekara da tata. Ina goyon bayan abin, kuma zan faɗi dalili. Amma na daina yarda cewa abin da muke yi zumuncin ƴan aji ne. Taron waɗanda suka haye ne. Wanda ruwa ya tafi da shi, mun ɗauka ba ya cikin lissafi, alhali da shi muka shiga kwalekwalen.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin kalmar promo a kunnenmu ba sai an tuna musu yadda lakwal take a da. Mun shiga sizyem a watan Oktoba 1983, zamanin shugaba Kunce. Kafin yaro ya kai nan ya riga ya wuce rariya ɗaya, wato satifika ta gama firamare da jarrabawar shiga koleji, inda aji guda na ƙauye kan fid da mutum biyu ko uku. Waɗanda suka fito daga karkara sai a nema musu masauki a gari, gidan wani ɗan’uwan uba ko wani attajiri mai zaure, su yi ɗiban ruwa da aike a bakin kwana da tuwon dare. Wanda ya san Zinder ya san ɗiban ruwa a nan ba wasa ba ne. Shekara guda da shigarmu damina ta ƙi, Buhari ya rufe iyakar Najeriya a 1984, aka shiga yunwar da har yau tsofaffi ke kira El Buhari. A wannan shekarar na ga ɗan ma’aikacin duwan yana raba burodinsa gida uku a bayan aji, na ga yaran ƙauye suna jiƙa garin rogo da ƙuli a leda su ci da sauri kada a gani. Bayan hutun wannan shekara benci da yawa ya dawo da mutum biyu maimakon uku. Ba daƙiƙai ba ne suka tafi. Gidajen da ke riƙon su ne suka kasa.

Sai rariya ta biyu, BEPC, jarrabawar gama koleji. Sai ta uku, bak, ta gama lise, makarantar da ke bin koleji. Tsakaninsu kuma ga dokar nan: ka maimaita aji sau ɗaya, in ka sake faɗuwa kora ce. Waɗanda suka kai lise suka haɗu da ƴan Gure da Tanut da Magarya da Matamaye da Mirya a Amadu Kuran Daga, makarantar da ke ɗauke da sunan Sarkin Damagaram da Faransawa suka kashe a 1899. Muna yara ba mu ga abin mamaki ba a ce cikin makaranta mai wannan suna muke haddace tarihin juyin juya halin Faransa na 1789. Amma a can ne ɗan Barebari da ɗan Buzaye da ɗan Fulani da ɗan Tubawa da ɗan Birni suka ci daga tire ɗaya, suka ari wandon juna ranar fita, suka koyi zagin juna da harsunan juna. Wasan da ke tsakanin Bafillace da Babarbare ba a littafi na koye shi ba, a layin wanka na koya.

Tare muka ji mutuwar Kunce a watan Nuwamba 1987, muna sabbin shiga lise. Tare muka fita titi da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Muna jiran sakamakon bak aka buɗe babban taron ƙasa a ƙarshen Yuli 1991. Muka shiga jami’a cikin yajin karatu da farar shekara, wato shekarar karatun da aka soke, muka fito muka tarar gwamnati ta daina ɗaukar kowa kai tsaye, sefa kuma an karya darajarta da rabi a watan Janairu 1994, ma’aikata na bin bashin albashi wata da watanni. Shi ya sa in na ji ɗayanmu yana magana kamar ƙwaƙwalwarsa ce kaɗai ta kai shi ofis mai sanyi, sai in tuna mai rumfar Dole. Ya fi mu duka lissafi. Mahaifinsa ne ya rasu ana saura wata biyu BEPC, shi ne babba, ga ƙanne shida. Ni abin da na fi shi kawai, nawa mahaifin ya ƙara shekara goma sha biyu a duniya.

Ga amfanin promo a wurina, kuma ba ƙarami ba ne. Mutum in ya haura hamsin a garin nan, babu sauran mai kiran sunansa tsirara. A gida Baba ne ko Maigida, a ofis Mushe Darakta, a masallaci Alhaji, a wurin surukai ma ba a ambaton sunan. Kowa na ganin sa da rawanin da shekaru suka naɗa masa. Ɗan ajinka ne kaɗai ya san ka tun kana zuwa da silifas ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya shuɗi, ya san ranar da mushe ya karanta dikte ɗinka a gaban aji, aka yi ta dariya. A gabansa babu abin da za ka ɓoye, saboda haka a gabansa kake hutawa. Babban mutum ma yana bukatar wanda zai ce masa “kai, rufe mana baki” ya yi dariya. Wanda ya rasa irin wannan, sai ka ga ya fara yarda da kirarin da maroƙa ke yi masa.

To mu me muka yi da wannan dukiya? Mun ɗauko rawunan nan duka mun shigo da su cikin taro.

A dubi yadda ake zaɓen shugaban amikal. Ba a taɓa ba wanda ya fi kowa sanin gidajen mutane ba. Wanda ya fi kowa muƙami ake ba, ko da a Yamai yake zaune, kilomita wajen ɗari tara daga nan, ba ya zuwa sai Sallah. A dubi wurin zama: kujerun gaba masu hannu na manya ne, na roba na sauran jama’a. Jawabi da Faransanci, irin mai dogayen jimlolin nan, alhali duk wanda ke wurin da Hausa yake mafarki. Sai anko. Bara shaddar da aka fitar ta fi kuɗin buhun hatsi, ban da ɗinki. Sai kotizasiyo, kuɗin ƙungiya, jika biyar a wata, kuma ma’aji, da kyakkyawar niyya, yakan saki jerin waɗanda suka biya da waɗanda ba su biya ba a zaure, kowa ya gani. Malamin makaranta ɗan kontiragi da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata, in ya ga sunansa a jeri na biyu sau uku, ba zai yi gardama ba. Zai yi shiru, daga nan ya fice, mu kuma mu ce ba shi da zumunci.

Ba rashin zumunci ba ne, kunya ce. Bahaushe zai iya kwana da yunwa, amma ba zai kai kansa inda za a dube shi da idon tausayi ba, balle a gaban wanda ya taɓa kwafar amsa daga kayensa. Wannan ne mu da muka samu muka kasa ganewa. Muna cewa ƙofa a buɗe take, kowa ya zo. Ƙofar da sai da anko ake shiga ba a buɗe take ba.

Zauren WhatsApp ɗin ma haka. Na yarda ya yi mana rana. Ta nan muka gano na Arlit da na Kano da wanda ke koyarwa a Kanada, ta nan aka haɗa kuɗin aikin idon wani cikin kwana uku aka tura masa ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Amma a lura da wanda ke magana. Masu rubuta Faransanci ne, su yi ta gyara wa juna nahawu kamar har yanzu ana ba da maki. Wanda ya bar lakwal a katiryem, aji na uku na koleji, shekara arba’in bai riƙe biro ba, yana tsoron ya rubuta layi ɗaya a yi masa dariya. Muna firamare an rataya mana sambol, alamar horo, a wuya don mun yi Hausa a farfajiyar makaranta, yanzu da furfurarmu muna rataya wa junanmu. Ranar da wata ƴar ajinmu ta gaji ta saki murya da Hausa, ta ce ita ba ta iya wannan turancin ba, wanda zai ji ya ji, mutum bakwai da ba mu taɓa jin ɗuriyarsu ba suka amsa mata a daren. Suna nan cikin zauren tun farko, suna karantawa ba sa tofawa.

Sauran abin da ke zauren kowa ya sani: barka da Juma’a mai furanni, maganin hawan jini da aka turo daga wani zaure, da faɗan siyasa. Wannan na ƙarshe ba sabo ba ne. Tun 1993 da Mahamane Usman ya hau mulki muke rabe, wasu jam’iyyar CDS, wasu MNSD, wasu Tarayya, kuma tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake sabon layi. Ban damu da wannan sosai ba. Waɗanda suka yi dambe kan cokali a makarantar kwana ba za su rabu kan CEDEAO, wato ECOWAS, ba.

Matan ajinmu kuwa, labarinsu ya fi na mai rumfa zafi. Mun fara sizyem da ƴan mata goma sha ɗaya a ajinmu, biyu suka zauna bak. Sauran aure ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yawanci cikin dogon hutu, sai a dawo a ga gurbi. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa wajen uku cikin huɗu na mata ana aurar da su kafin shekara 18. Ko sunan da muka san su da shi ya ɓace, sun koma Maman wane da Hajiyar gidan wane. Na san akwai malamai da magidanta da ke ƙyamar taron promo saboda cakuɗa maza da mata, kuma ba zan ce tsoronsu ba shi da tushe ba, don an ga inda tsohuwar soyayyar lise ta farka ta rushe gida. Amma maganin wannan ba shi ne a share matan daga jeri ba. Da muka je gaida ɗayarsu a Zango, mu uku tare da matata, maigidanta da kansa ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Ta kawo alkaki da ruwan sanyi, ta zauna daga bakin ƙofa, ta jero mana sunayen ajin kaf bisa tsarin da mushe ke kiran su da safe, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce: “Ku da kuka yi karatun, ku ne kuka manta. Mu da aka cire, kullum muna ajin.” Babu wanda ya sami abin cewa, sai maigidan ne ya cece mu da zancen tsadar hatsi.

Akwai masu sukar promo ta wata fuska, kuma su ma suna da gaskiya. Suna cewa wata hanya ce ta alfarma, reshe ne na abin da ƴan Nijar ke kira PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Ɗan promo ya zama darakta, sai kwangila ta bi promo, ɗaukar aiki ya bi ɗiyan promo. Na gani da idona, kuma ba zan wanke mu ba. In zumuncinmu ya zama tsanin da ɗiyanmu ke hawa su tsallake ɗan talakan da ya fi su maki, to mun zama rariya ta huɗu, mu da muka san zafin ukun farko. Amma a lura, wannan cutar ma daga wuri ɗaya take fitowa. Ƙungiyar da ta tara masu muƙami zalla dole hirarta ta koma ta muƙami. Da mai gyaran rediyo da ɗan kabu-kabu da manomin Dungas suna zaune a tsakiyarta da bakin magana, da wani abin ba a iya faɗinsa a gabansu.

Haka batun gyaran makaranta, wanda shi ne abin da kowace amikal ke fara rubutawa a takardar manufofinta. Madalla da shi. Ƙasar da yara sama da ashirin suka ƙone cikin ajin zana a Maradi a watan Nuwamba 2021, bayan irin wannan gobara a Yamai a watan Afrilun shekarar, ba ta da halin raina benci ko ɗaya. Mu ma mun kai benci talatin kolejinmu. Amma na ƙirga: kuɗin anko da abinci da mai ɗaukar hoto na ranar miƙa su ya fi kuɗin bencin. Kuma cikinmu da muka tsaya aka ɗauki hoton, babu mai ɗa ko ɗaya a makarantar. Duk sun tafi masu zaman kansu, har da nawa. Gina aji aikin gwamnati ne, da harajinmu, kuma tsofaffin ɗalibai masu bakin magana sun fi amfani in suka matsa mata lamba fiye da in suka rufa mata asiri da benci talatin. Abin da ba na gwamnati ba, wanda babu ministan da zai yi mana, shi ne nemo mutanenmu.

Wani abin da ke hana ni barci shi ne ɗiyanmu ba za su sami irin promo ɗinmu ba. Ɗan mai kuɗi yana can da ɗiyan masu kuɗi, ɗan talaka yana aji mai mutum tamanin da ɗiyan talakawa. Bayan shekara arba’in in sun kafa tasu amikal, ba za su sha wahalar anko ba, don tun farko an tace su. Mu ne kusan na ƙarshe da ɗan sarki da ɗan ga-ruwa suka zauna benci ɗaya, kuma muna tace kanmu da hannunmu.

Shawarar da na kai wa shugabannin amikal ɗinmu ba ta da yawa. A nemo ainihin jerin sunayen sizyem, ba na terminal, ajin ƙarshe na lise, ba, don a sizyem muke cikakku. A raba sunayen, kowa ya ɗauki biyar ya bi sawu da ƙafarsa, unguwa unguwa, ƙauye ƙauye. A bar anko. Kotizasiyo kowa ya saka abin da ya samu, ma’aji kaɗai ya sani. Taro a yi shi bisa tabarma da butar shayi kamar kowace fada, wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa a ba shi kujera saboda gwiwa, ba saboda muƙami ba. Shugaba ya ce shawara ce mai kyau, za a kafa kwamiti. Yau wata bakwai ke nan.

Ni dai na koma Dole. Ranar farko ya ƙi karɓar kuɗin fitila, na yi na yi ya ce haba ranka ya daɗe. Alhamis ta gaba na kai masa tsohuwar rediyon mahaifina da ta shekara goma ba ta yi tari ba, na zauna kan wani akwatin batir, ya aiki yaro ya kawo shayi, amma hirar duk ta gaisuwa ce, ina iyali, ina aiki. Na ce in sa shi a zaure, ya ce me zai ce musu. Sai a zuwa na huɗu, ina ba shi labarin yadda aka yi masa addu’ar mamaci, ya tuntsire da dariya har tabaran ya faɗi, ya tambayi wa ya fara yaɗa zancen. Da na faɗa masa ya ce ai wannan tun yana yaro maƙaryaci ne, ko ranar da ya ce kakarsa ta rasu don ya tsere wa jarrabawa, sau uku tana rasuwa.

Daga nan ya yago kwalin batir, ya ɗauki biro, ya fara rubutu. Ashe duk waɗanda muke cewa sun ɓace ta gabansa suke wucewa ranar kasuwa. Ɗaya na sayar da itace a Garin Malam. Ɗaya ya makance, yana Mirya wurin ɗiyarsa. Ɗaya ya dawo daga haƙar zinariya a Jado da ciwon ƙirji. Ya rubuta tara, da kwatancen gidan kowa, da rubutun nan nasa mai kwanciya gefe da na shekara huɗu ina leƙe. Na miƙe zan tafi da rediyon a hammata, sai ya kira ni da laƙabina, wanda shi ma ba zan rubuta ba, da ƙarfi har maƙwabtansa suka waiwayo. Ya ce: “Ina za ka? Dala ɗari uku ne. Kai har yanzu ba ka daina cin bashi ba?”

Na biya shi cif. Ya ce in dawo da kwalin in na gama, akwai wasu a bayansa.